Ajin Madam Tereza a Aziziyya

Ƙarfe biyu da kwata na ranar wata Talata, a shekarar da na cika goma, abubuwa suka fara lalace mini. Na riƙe lokacin ne domin agogon bangon ɗakinmu yana daidai saitin inda nake zama. Dawowata ke nan daga karatu, Inna ta shimfiɗa leda ta ajiye tuwon shinkafa da miyar kuka, muka kewaye tiren, ni da ita da Gwaggo Habsu, yayar Baba. Na yi bisimilla kamar kullum, sannan ban san lokacin da hannuna na dama ya tashi ya taɓa goshina, ya sauko ƙirjina, ya nufi kafaɗar hagu ba. Bai kai ta dama ba Gwaggo ta cafke shi. "Innalillahi! Ke Balkisa, uban wa ya koya miki wannan?" Na dubi hannun, na dubi fuskarta, ni dai ban san me na yi ba. Inna kuwa lomar da ta ɗauko ta mayar cikin miya.

A Jidda aka haife ni, a saman wani tsohon bene a Bagdadiyya, ɗaki biyu da rufin da muke shanya. Iyayena mutanen Damagaram ne, sun zo umara suka zauna. Baba yana lodi a wani sito a Madinar Masana'antu, Inna tana daka yaji da kuka tana ƙullawa ta kai wa mata gida gida. Ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka makarantar gwamnati sai dai in hangi 'yan matanta daga rufi, suna wucewa da dogayen rigunansu iri ɗaya. Aikina shi ne cika jarkoki ranar da ruwa ya zo, da sayo gurasar tamis da dafaffen waken ful da safe, da korar tantabaru daga kan barkonon Inna. Sauran yara suna carafke da ƙwallon dabino a matakala, ni kuwa ina gefe ina karanta duk abin da ke da rubutu, ko gwangwanin madara ne. Baƙin Larabci na iya shi a wurin malamar allo ta ƙasan benenmu, amma na boko sai dai in kalle shi kamar zanen lalle.

Shi ya sa da aka ce akwai wata mata a Aziziyya da ke koyar da yara irinmu a falonta, Baba bai yi dogon bincike ba. Madam Tereza mutumiyar kudancin Cadi ce, mijinta yana gyaran injuna a wata masana'anta. Sistocin Katolika ne suka rene ta a makarantar kwana, daga baya ta koyar a can. An san Kirista ce, amma ba a faɗa, ita ma ba ta faɗa, a waje abayarta baƙa kamar ta kowa. Tana mana magana da Larabcin Cadi da Faransanci da wata Hausa mai karyayyen harshe da ta tsinta a kasuwa. Ajinta ba wasa. Kafin a zauna sai ta duba farce da bayan kunne. Ba a ja layi sai da rula, ba a goge kuskure da yawu, wanda ya gama lissafi kuma sai ya koma daga ƙarshe ya tabbatar. Yara suna ƙorafi, ni kuwa ji nake kamar don ni aka yi wurin. Na kwaikwayi rubutunta, da yadda take riƙe alli, da yadda take lasar yatsa kafin ta buɗe shafi. Kowace safiya kafin mu fara takan juya ta fuskanci taga, ta yi wannan motsin hannu da sauri, ta juyo ta ce, "Yalla, a buɗe littafi." Na ɗauka haka masu ilimi suke yi idan za su fara abu mai muhimmanci, sai na haɗa da shi na kwashe.

Da Baba ya dawo Gwaggo ba ta bari ya cire takalmi ba. Ta ce a garin da ke ƙofar Makka an sa wa 'yarsa alamar coci a jiki. Ta ce ita ta san 'yan mishan tun a gida, karatunsu mai kyau ne, shi ya sa ma ake tsoronsa, domin da zaƙi ake ba yaro magani ya haɗiye bai sani ba. Baba ya ce ai abokinsa na ƙuruciya makarantar mishan ya yi, yau shi ke jan salla a unguwarsu. Gwaggo ta ce, "To kai ka ga wanda ya tsira, waɗanda ba su tsira ba a masallaci za ka gan su?" Ba wanda ya kawo zancen kai ƙara, domin wanda ya kai ƙarar Madam sai an tambaye shi takardunsa, jirgi ɗaya zai kwashe mu da ita. A ƙarshe Baba ya dube ni ya ce, "Ke ce mai ido. Ki duba mana zuwa ƙarshen wata. In akwai wani abu, shi ke nan, kin zauna gida." Na san ma'anar zaman gida: bin Inna da ƙullin yaji, sannan wanke-wanke a gidan Larabawa.

Tun daga ranar na daina zuwa aji a matsayin ɗaliba kawai. Komai na Madam ya zama abin tuhuma. Wata siririyar sarƙa da ke wuyanta, wadda ƙarshenta ke ɓuya cikin riga, na yi ta jira ta sunkuya in ga me ke rataye. Ƙofar ɗakin kwananta da ba a taɓa bari a buɗe ba, na riƙa neman ruwan sha don in wuce ta gabanta. Waƙar Faransancin da muke koyon watanni da ita na rera wa wani ɗan Maraɗi mai gadin benenmu ya fassara mini kalma kalma, ya ƙare da dariya ya ce babu komai ciki sai ruwan sama da girbi. Biskit ɗin da take ba wanda ya ci lissafi na daina ci, ina kawowa gida Gwaggo ta shinshina ta watsa wa tantabaru. Idan Madam ta yabe ni sai in ce to ko wannan ne zaƙin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne salla. Ana kiran azahar take rufe littafi, ko a tsakiyar jimla muke. Ta tura mu alwala, ta tsaya bakin banɗaki, wanda ya fito da busasshiyar dunduniya ta mayar da shi. Akwai tabarmi biyu da ta saya don mu, da alamar gabas da ta yi da alli a bango. Na kai wa Gwaggo wannan ina zaton zai wanke Madam, sai ta tafa hannu. "Kin gani ko! Wadda ba ta salla tana kora yara salla? Wannan ai shi ne wayon, ta kwantar wa iyaye da hankali." Na kwana biyu ina juya maganar, har na fara jin sallata a kan tabarmar nan kamar ba ta karɓuwa.

Wata ya zo ƙarshe ban samo komai ba, ban kuma yarda da komai ba. Da na rasa abin da zan kai wa Baba, sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaye ta. Amsarta na kai gida yadda ta faɗa. Baba ya ce in koma amma in riƙe hannuna. Gwaggo har ta rasu ba ta yarda ba, kullum na dawo sai ta sa na karanta mata Ƙulhuwallahu a bakin ƙofa. Na yi shekara uku a falon, har aikin mijin Madam ya ƙare suka tafi.

Yau ni ke koyar da yaran benenmu, ina duba musu farce, iyayensu ba sa tambayata komai domin suna ganina da carbi. Wani lokaci nakan so a ce sun tambaya. Sai in tuna ranar da na tambayi Madam, yara sun watse, tana naɗe tabarmi, ni ina tsaye da jaka. Na ce, "Madam, so kike mu bar addininmu?"

Ta jingina tabarmar da bango, ta dube ni.

"Uwarki ta kawo mini ke Musulma da safe, Musulma zan mayar mata da ke da rana. Haka aka koya mini. Amma ina yi muku addu'a irin tawa, ku duka, da sunayenku. Wannan ba zan ɓoye miki ba, ba kuma zan daina ba. Je ki gaya musu haka."