Sai An Gaishe Ta

Jiya Baba ya cika shekara da rasuwa, jiyan kuma yayana ya aiko daga Bungudu cewa zai kai jar saniyar Baba ga mahauta, tunda ta hana kowa nono.

Baba bai taɓa tatsa bai gaisa da saniya ba. Yakan shafa wuyanta, ya ba ta dusa da kanwa, ya tambaye ta kwanan maraƙi, kamar yadda yake bin ɗakunanmu kowace safiya. Ranar da na dawo daga kwaleji na tsuguna da gaggawa na kama hantsar jar saniyar, ta yi ƙwallo da ƙwaryar. Madara mai ɗumi ta wanke mini takalmi.

"Malam," in ji Baba, "duk karatun nan ba a koya maku sallama ba? Saniya ce, ba famfo ba."

Ranar Asabar zan bar Gusau, ko da man fetur ko babu. Zan sa tsohuwar rigar Baba mai ƙanshin garke, in gaishe da saniyar yadda ya kamata. Ba za ta je mahauta ba.

Allah Ya tarbi Baba da irin sallamar da yake yi wa dabba.