Hulata a Cikin Ƙwarya

Ɗiyata ta fari tana aikin lafiyar dabbobi a Yamai, kuma tana da shafi a intanet inda take yi wa masu kiwo bayani. Wata kaka, bayan an kwashe dawa, ta kira ni ta ce za ta yi rubutu a kan kumburin cikin da ke kama shanu in sun ci gyauron dawa. Abin da littattafai suka ce tana da shi. Abin da ta rasa shi ne bakin makiyayi.

"Baba, ka je ka ɗauko mini murya da hoto. Kuma kada ka tsaya ga mutum guda, ka samo wani ya tabbatar. Shugabana na wajen aiki zai karanta, in ya yi kyau zai ba ni shafin ma'aikatarmu in riƙe."

Ni da karatuna na lakwal bai yi nisa ba, sai ga ni ɗan aiken masu ilimi. Na sa hulata ta zuwa kasuwa, na nufi rugar da ke bayan gonata, wajen wani Bafillace da muka tsufa tare. Nan na yi wauta. Ni Ba'are ne, tsakaninmu da Fulani kuwa wasa ne tun kakanni. Shekara da shekaru ban taɓa faɗa masa magana madaidaiciya ba, shi ma haka. Amma ɗokin aikin ya mantar da ni.

"Bawana ya zo gaisuwa," in ji shi. "Me ka kawo wa ubangidanka?"

Ban rama ba, na danna wayar, na yi tambayata. Ya shafa gemu kamar liman. Sa'annan ya ce maganin sirri ne, amma don ɗiyarmu zai faɗa. A samu tsohuwar hula wadda ta sha gumi, a jiƙa, a ɗura wa saniya ruwan. Gishirin gumin ne ke saukar da ciki. Na ce ai ana son hoto ma. Ya miƙa hannu ya cire tawa, ya tsoma ta cikin ƙwarya, ya ce in ɗauka da kyau. Na ɗauka ta gaba, na ɗauka ta gefe. Na koma gida kaina na ƙyalli a rana, ina jin na yi aiki.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa na tafi neman mai tabbatarwa. A wajen shanu na tsayar da wani dattijon Bafillace da ban sani ba. Ya dubi tsagen fuskata, ya dubi wayar, ya ce ƙwarai kuwa haka ne, har ya ƙara da cewa hular da ba ta taɓa ganin sabulu ba ta fi ƙarfi. Waɗanda ke kusa da shi duk suka gyaɗa kai. Ashe labari ya riga ni zuwa kasuwa.

Na tura wa ɗiyata komai. Ta kira, muryarta ba daɗi.

"Baba, ban taɓa jin wannan ba. Ka tabbata?"

"Shaidu biyu, ɗiyata, kamar yadda kika ce."

Uwarta tana tsince wake kusa da ni, ta karɓe wayar.

"Kin san wa ya tambaya? Fulani. Ba'are ya tafi ruga neman gaskiya! Kuma ya dawo ba hula."

Dariya ta hana ta ƙarasawa. Ni kuwa sai a lokacin na gane wasa suka yi mini. Da yarinyar nan ta yarda da ubanta ta sa abin a shafi, da na zubar mata da mutunci gaban shugabanta, wataƙila ma wani ya tsaya jiƙa hula saniyarsa na mutuwa.

Washegari na koma rugar ba fara'a. Yana ganina ya kwanta da dariya kan tabarma. Na bari ya gama, na ce masa mutane ne za su karanta, daga nan har inda ba mu sani ba, kuma za su gwada a kan shanunsu. Dariyar ta tsaya cak.

"Shanu za a ba? Kai, Ba'are, me ya hana ka faɗa? Na zaci kai za ka sha."

Ya ce in kira ɗiyar. Ya ce ba zai iya faɗin gaskiya yana kallon fuskata ba, bakinsa ba zai yarda ba, don haka in juya baya. Na tsaya na ba shi ƙeya, hannuna miƙe da waya, shi kuma yana magana da ita a natse. Ya faɗi yadda suke hana shanu shiga gonar dawa sai gyauron ya bushe, yadda suke ba su busasshiyar ciyawa tukuna don kada su faɗa da yunwa, da alamun da suke dubawa a kuiɓin hagu, da lokacin da ba sauran dabara sai a ruga neman likitan dabbobi. Ta yi ta tambaya, yana amsawa, hannuna na sanyi. Mai tabbatarwa kuwa ita ta nemo abinta ta waya, wani makiyayi a wajen Gesheme, ba ta sake bi ta kaina ba.

Rubutun ya fito, an kuma ba ta shafin. Da ta tashi yin na gaba, kai tsaye ta kira ruga. Bafillacen da kansa ya zo har ƙofar gida ya shaida mini an sallame ni daga aiki.