Tuwon Mutum Goma Sha Ɗaya

Ni ne mai laifi, ba Mushe ba. Na daɗe ina gaya wa mutane shi ya kashe ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta Birni a Damagaram, alhali ni na kashe ta da akushin tuwon gidana.

A shekarun farin nan da rumbuna suka zama fanko, ni ne shugaban ƙungiyar. Ba don na san ƙwallo aka ba ni ba, kuma ban yi nisa a lakkwal, wato makarantar boko, ba. An ba ni ne saboda ina sayar da hatsi, kuma har lokacin ana tuƙa tuwo a gidana kullum. Mai horar da ƴan wasan wani malamin lakkwal ne, dogo, marar yawan magana, kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malaman lakkwal a wajenmu. Ya karɓi ƙungiyar tana can ƙasa, ana shirin fitar da mu daga gasar gari.

Ni na kafa doka. Ranar jajibirin wasa da ranar wasa, mutum goma sha ɗayan da za su shiga fili su zo zaurena su ci tuwo da miyar kuka da ɗan nama, su sha fura. Masu zaman benci babu su. Na ce hakan zai sa kowa ya dage. Ƴan majalisar ƙofar shagona suka yi ta yabona, ni kuma ina washe baki. Yau in na tuna wannan washe bakin, ƙyama nake ji.

Rabin ƴan wasan samarin ƙauye ne da yunwa ta koro Damagaram, suna raɓe gidajen dangi. Wasunsu jiƙaƙƙen garin rogo suke sha sau ɗaya a yini. Na sani, don a gaban shagona suke wucewa.

Sai Mushe ya fara abin da ya ba kowa haushi. Duk mako sai ya canza jerin ƴan wasa. Gwaninmu na gaba, wanda ubansa ma'aikaci ne mai albashi, sai a ajiye shi a benci, a sako wani siririn saurayi ɗan Tirmini wanda iska ma ke iya ture shi. Aka yi ta lallasa mu. A majalisa wani tela ya ce, "Alhaji, wannan Mushen naka ƙuri'a yake jefawa ne? Gobe ni ma zan zo da wandona, ko Allah zai sa ta faɗo kaina." Aka fashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci.

Na kira Mushe zaure. Na ce, "Mushe, ƙwallo muka ba ka ko gidan marayu?"

Ya ce, "Alhaji, ai ni yanzu ba ƴan wasa nake zaɓa ba. Masu cin abinci nake zaɓa, kuma kai ka mai da ni haka. In na ajiye ɗan Tirmini, na san abin da na hana shi. Wanda nake ajiyewa, akwai tukunya a gidansu."

Na ce, "To, sai mu yi ta faɗuwa ke nan?"

Ya ce, "Ka bar mini tuwon in raba wa kowa, ko loma bibbiyu ce. In cin abinci ya fita daga cikin zaɓe, zan jera maka ƙungiya ta gaske. Ka yi mini haƙuri zuwa damina."

Ba ƙarin hatsi ya nema ba. Akushin nan dai ne, a raba. Amma na ji kamar yana so ya ƙwace mini wani abu. Na ce masa tuwona ne, ba na gwamnati ba, ni ke faɗin mai ci.

Jajibirin wasanmu da ƴan Zango, na tsaya da kaina a ƙofar zaure ina kiran waɗanda nake so. Ɗan Tirmini yana cikin waɗanda Mushe ya zaɓa, har ya wanke hannu ya tsuguna. Na ce masa, "Kai, tashi, ba ka ciki." Ya tashi yana goge hannun a rigarsa, ya ce, "To, Alhaji," ya fita. Sauran suka sunkuyar da kai suka ci.

Abin takaicin, washegari waɗanda na zaɓa suka shiga fili, muka yi nasara. Da an doke mu, wataƙila da na dawo hayyacina. A bakin fili, gaban jama'a, na ce wa Mushe mun gode, ya huta. Ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa mai tsaron gida, ya hau kekensa. Ƴan majalisa suna tafi.

Na kawo wani tsohon soja ya maye gurbinsa. Shi kuma ya ce lalaci ne ke damun ƴan wasan, ya riƙa sa su gudu kan duwatsun Birni da tsakar rana, ciki babu komai. Da aka kwashi ɗaya a sume, muka kuma faɗi wasa, na kore shi. Na kawo wani wanda bai da aiki sai zuwa shagona yana tambaya, "Alhaji, wa za mu sa?" Shi ma na kore shi, don raina shi na yi. Duk korar da na yi, ƴan majalisar nan sai sun ce Alhaji namiji ne, suna tauna gorona.

Benci kuwa ya watse. Me zai zaunar da su? Wasu suka tafi Kano ci-rani, wasu Gidimuni ƙwadagon lambu. Ɗan Tirmini ban sake ganinsa ba. Ranar da biyu suka ji ciwo a wasa ɗaya, na waiga babu ko mutum ɗaya da zai canje su. Kafin ruwa ya sauka an cire mu daga gasa. Na ce wa duk mai tambaya Mushe ne ya ɓata ƙungiyar tun farko, kuma aka yarda.

Har yau in na ji shugabannin ƙungiyoyi a rediyo suna cewa sun ba mai horarwa cikakken iko, sai in tofar da yawu. Na san irin wannan ikon. Ka ba mutum usur, ka riƙe abin da ƴan wasa ke kallo, sannan ka ce ya kasa.

Bayan shekaru da yawa na ji Mushe ya yi ritaya a Takieta. Na sha wucewa ta garin a mota ina kau da kai. Wata rana dai na sauka. Na tarar da shi a ƙofar gida yana ba awaki harawa, gashi duk ya yi fari.

Ya dube ni ya ce, "A'a, Alhaji shugaba. Korata ka zo yi daga nan ma?"

Ban iya dariya ba. Ya shimfiɗa tabarma, na ƙi hawa, na tsuguna a ƙasa.

Na ce, "Mushe, na ba ka aiki na ɗaure maka hannu. Ka roƙi haƙuri zuwa damina na hana ka, na wulakanta ka a gaban jama'a, sannan na yi shekaru ina ɗora maka laifina. Na faɗa wa waɗanda suka rage a majalisa gaskiya kafin in taho. Don Allah ka yafe mini."