Layin da Aka Goge a Rahoton Burtali

Halima Sa'adiyya haifaffiyar Roni ce, 'yar wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi shekara talatin yana buga wasiƙu da tafireta. Cikin 'ya'yansa bakwai ita kaɗai ta gaji haƙurinsa na zama gaban na'ura har sai aiki ya fito tsaf. Ta yi karatun kwamfuta a Kazaure, can ta yi aure, can kuma ta samu aikin koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Ba mai yawan magana ba ce. Ko a ɗakin malamai, in ana hira, ita tana gefe da tsohuwar kwamfutarta mai tsagaggen murfi.

Abin da ya fito da sunanta wata manhaja ce da ta haɗa da hannunta. Duk ƙarshen zango malamai kan sha wahalar haɗa tambayoyin jarrabawa: wannan ya rubuta nasa, wancan ya ɓatar da na wani, a koma farko. Sai ta yi wata takwas tana ƙera shafin da mutum biyar ko goma za su shiga ta intanet, kowa daga wayarsa, su yi rubutu a takarda guda a lokaci guda. Ta sa masa suna Tabarma. Malamai suka karɓe shi hannu bibbiyu, labari ya bazu har Babura.

Ta haka Malam Lauwali ya ji. Tsohon malamin gona ne, dattijo mai sanyin murya, kuma sakataren wani kwamitin sulhu tsakanin manoma da makiyaya a ƙauyukan Gwiwa. An ɗora musu rubuta rahoto kan wani burtali da gonaki suka cinye, har shanu suka rasa hanyar zuwa mashaya. 'Yan kwamitin a warwatse suke, haɗa su a zaure ɗaya sai an yi mako ana aike. Tabarma ta yi musu daidai. Suka yi wata biyu suna zuba bayanan shaidu a ciki.

Wata Asabar Malam Lauwali ya zo har gidanta, suka gaisa a soro.

"Malama, aikinki ya yi kyau, Allah ya yi albarka," in ji shi. "Sai dai rahoton yana ciki kamar hatsi a rumbun da ba ƙofa. Muna so mu fitar da shi mu buga, mu kuma tura wa manya a waya."

"Baba, in sha Allahu za a yi. A ba ni mako biyu."

Kwana goma ta yi. Ta ƙara maɓalli biyu a saman shafin: ɗaya na fitar da takarda a matsayin fayil, ɗaya na tura ta ga wanda ake so. Da tana haɗawa ta tuna malaman makarantarsu, waɗanda kullum suke son sanin wa ya canza tambayar wa. Don haka ta sa fayil ɗin ya riƙa fita da tarihin gyare-gyarensa, wato duk abin da aka goge da wanda aka ƙara. Ta gwada a kwamfutarta, takarda ta fito fes, tarihin a ɓoye sai wanda ya neme shi. Ba ta gwada a waya ba. Ba ta kuma faɗa wa Malam Lauwali cewa tarihin yana ciki ba, don ba ta ɗauke shi abin faɗa ba.

Ita ba ta taɓa karanta rahoton ba. Ba ta san cewa a shafi na shida akwai shaidar wani manomi mai suna Ɗayyabu, wanda ya ce da idonsa ya ga baffansa ya sa an tuge duwatsun iyaka an tura su cikin burtali. Baffan nan babban mutum ne a ƙauyensu, kuma gonar da Ɗayyabu yake nomawa aronta ya ba shi. Sai da Malam Lauwali ya yi masa alkawari sau uku cewa sunansa ba zai fito ba kafin ya buɗe baki. Dattijon ya cika alkawari iyakar saninsa: ya goge sunan, ya rubuta "wani mazaunin ƙauyen" a gurbinsa.

Ranar Litinin aka tura rahoton ga mutum tara. Kafin Laraba ya shiga wayoyin rabin ƙauyen. A yawancin wayoyin, layin da aka goge ya fito da jan rubutu, an ja masa zare a tsakiya, amma ana karanta shi sarai: sunan Ɗayyabu, sunan mahaifinsa, da unguwarsu.

Tana tsakiyar darasi ranar Alhamis da hantsi wayarta ta yi ta ruri. Ta fita baranda ta ɗauka.

"Malama," in ji Malam Lauwali, "abin da mutum ya goge, dama ba ya goguwa?"

Kafin ya ƙarasa bayani ta gane. Ta zauna a kan dakalin aji, ɗalibai suna leƙenta ta taga.

Gyaran manhajar bai ɗauke ta minti arba'in ba. Amma fayil ɗin da ya riga ya fita ba ta da hanyar dawo da shi. A daidai lokacin da take gyaran, 'ya'yan baffan sun riga sun tare Ɗayyabu a hanyar gona. Suka karya masa hannun dama a wuri biyu. Baffan ya aiko cewa ya karɓe gonarsa, har da geron da ke tsaye a ciki, saura mako uku a yanka.

Mijin Halima Sa'adiyya ya ce kada ta je gidan Ɗayyabu, ba a san yadda za a karɓe ta ba. Ta roƙe shi har ya yarda, ya kai ta da kansa a babur ranar kasuwar Gwiwa. Ta tarar da matar Ɗayyabu, Ikilima, a tsakar gida tana ɗaure kwanuka a zani. Shi yana ɗaki a kwance, mai ɗori ya ɗaure hannun da karare.

Halima Sa'adiyya ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Ni ce na haɗa abin da ya fitar da sunan maigidanki. Ba Malam Lauwali ba ne. Kuskurena ne. Ki yafe mini."

Ikilima ta dube ta tun daga mayafi har takalmi. "Kin san shi ne?"

"Ban san shi ba."

"Wani ya biya ki?"

"Wallahi babu."

"To, baiwar Allah, me zan ce miki? Da maƙiyi ne da na san inda zan kai kukana." Ta ci gaba da ɗaurinta. Can ta ɗaga murya wajen ƙofar ɗaki. "Malam, ga mai kwamfutar ta zo."

Sai muryar Ɗayyabu ta fito a hankali. "A ce mata ta gaida gida. Abin da na faɗa gaskiya ne, ko yau aka tambaye ni zan sake faɗa. Amma ba zan iya ganinta ba yanzu."

Halima Sa'adiyya ta ajiye 'yar ledar magani da sabulun da ta zo da su a bakin randa. Ikilima ba ta taɓa ba, ba ta kuma ce ta ɗauke ba.

Rahoton bai je ko'ina ba. Sauran shaidun da suka ga abin da ya sami Ɗayyabu suka janye maganarsu ɗaya bayan ɗaya, wasu suka rantse ba su taɓa zama da kwamitin ba. Malam Lauwali ya ajiye sakatarci, ya daina zuwa taron kowa. Hannun Ɗayyabu ya warke a karkace, ba ya iya riƙe fartanya. Ya kai Ikilima da yaransu uku gidan iyayenta a Kanya Babba, shi kuma ya tafi kudu yana gadin wani shago. Burtalin yana nan a toshe.

Halima Sa'adiyya tana koyarwa har yanzu. Malamai suna haɗa jarrabawarsu a Tabarma, takardu suna fita ba tarihin komai a cikinsu. Ta rame, ta ƙara shiru, kuma sau biyu ta aika wa Ikilima saƙo ba amsa. A bara wata ma'aikaciyar jinya daga Achilafiya ta zo neman a ba su manhajar, su riƙa rubuta bayanan masu juna biyu tare. Halima Sa'adiyya ta saurare ta har ƙarshe, ta kawo mata ruwa, sannan ta ce a'a. Matar ta tambayi dalili, ta ce ta ji ana yabon abin ko'ina.

"An gyara shi, kuma na gwada a waya goma sha ɗaya," in ji ta. "Amma ni kaɗai nake duba aikina, ba mai duba bayana. Ku nemi wanda mutane da yawa suka tantance. Sirrin matan nan ya fi ƙarfina."