Warƙa Tara da Suka Tafi Gwanja

Malam Kashim ba ya taɓa littafi sai ya wanke hannu ya jira ya bushe. Cewa yake takarda ba ta son gumi.

Iyayensa daga Barno suka zo, shi kuwa a Tofa aka haife shi. A nan ya yi noma, a nan ya karantar da manya fiƙihu, shekaru kafin zuwan Turawa. Gonarsa tana iyaka da ta gidanmu. Tun rasuwar matarsa Kaltume, hayaƙi sau ɗaya a rana yake tashi a gidansa.

Babi ɗaya ne ya hana shi sakat: wace shari'a alƙalin ƙauye zai yanke, wacce zai tura wa alƙalin birni, wacce kuma sai gaban sarki. Littattafansa sun yi shiru a nan. Ɗalibai suka yi ta raguwa har saura Basiru, magidanci, wanda aka yi wa alkawarin alƙalancin Rimin Gado bayan kaka.

Basiru ya ce, "Malam, in aka kawo mini maganar jini ko iyakar gari, in yanke ko in tura?"

"Ka jira ni. Daga littafi zan gaya maka, ba daga kaina ba."

Wani tsohon malami a birni yana da littafin da ya yi bayanin wannan babi. Aron warƙa uku-uku yake bayarwa, a juya da hannu a mayar. Duk Laraba Malam Kashim na kan hanya a ƙasa, shi kaɗai. Ya kai rabin littafin, tsohon ya rasu.

Littafin ba ɗinki, warƙoƙi ne a sake cikin gafaka. Magada suka raba su yadda suka raba dawa, namiji biyu, mace ɗaya. Malam ya sami Mati, babban ɗan, a bakin marina.

Mati ya ce, "Ai albarka muka raba, Malam. Nawa suna cikin tukunya."

"Ka duba su kuwa?"

"Ni da shuni nake karatu."

Gida-gida ya bi yana roƙo yana juyawa. Warƙa tara suka gagara, rabon Zulaihatu, wadda ta bi mijinta falke zuwa Gwanja. Babin yana cikinsu.

Aka gama yankan dawa. Basiru ya ƙara mako biyu, sannan ya zo sallama.

"To Malam, in abin ya rikice mini?"

Malam ya ce, "Ka tura birni."

Haka Basiru ya yi. An sha yi masa dariya, wai alƙalin da ko rikicin akuya sai ya tura. Bai ƙara zuwa zauren Malam ba.

Duk shekara in fataken Gwanja suka sauka, Malam yakan je ya tambayi labarin Zulaihatu. Da ya rasu muka buɗe gafakarsa, muka iske farar takarda tara a tsakiyar littafin da ya juya, ya ja musu layi. Kalma ɗaya ya rubuta a saman ta farko, wadda ya gani a gindin warƙar da ta gabace ta, inda masu juyi kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa.