Shirun da Ya Raba Maigidana da Aikinsa

Shekarun baya, lokacin da gidajen bidiyo ke tashe a Zango, maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi ne mai fassara a wani ɗakin kallo kusa da Race Course. Fim na tafiya da Turanci, shi yana tsaye gefen talabijin yana mayar wa mutane da Hausa, ya ɗan haɗa da Twi saboda direbobi. Ni kuma ina bakin ƙofa ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Sanina da fim bai wuce lokacin da za a fito da yunwa ba.

Wata la'asar aka sa wani tsohon fim marar launi. Akwai inda wani mutum ya ɓuya cikin buhuna a bayan mota don ya tsallake iyaka, soja na bi yana soka ƙarfe buhu bayan buhu. Ba kiɗa, ba magana, ko fuskar mutumin ba a nunawa. Sai maigidana ma ya yi shiru.

Aka fara ihu: "Massa, harshenka ka haɗiye? Faɗa mana wane buhu yake ciki!"

Ina ji mai ɗakin kallon ya ce masa, "Don bakinka na ɗauke ka. Ka yi magana, ko gobe kada ka zo."

Ya ce, "Alhaji, wanda ya yi fim ɗin nan bai ji tsoron mutane su tashi ba. In na sa baki, na ɓata masa aiki."

Bai sake cewa uffan ba har motar ta wuce. Washegari wani ne tsaye a wurinsa. Maigidana ya koma tasha lodin kaya, bai sake fassara ba. A gida ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ni na ɗauka taurin kai ne, shi kuma ba mutum ne mai kare kansa ba.

Bara, bayan rasuwarsa, 'yarmu ta nemo mini fim ɗin a waya. Da aka zo wurin buhunan sai na damƙe bakin zanena. Ba wanda ya bayyana mini komai, amma kowane sukan ƙarfe a cikina na ji shi. Sai ranar na gane irin kasadar da mai fim ɗin ya yi, da ya bar mu mu kaɗai da tsoronmu. Maigidana ya gane tun yana tsaye ana yi masa ihu.

'Yarmu ta ce, "Mma, ashe Baba na da gaskiya?"

Na ce yana da ita. Shi ne dai ban samu na gaya wa ba.