Mai Sunan Malam

Kakata ce ta raine ni a Kanan-Bakashe. Sa'ad da yanar ido ta fara rufe mata gani, na riga na zama magidanci, ina ɗinki a Tasawa. Sai na saya mata ƴar rediyon nan mai cin kart memuwar, ɗan katin da ake loda wa sauti, don ta riƙa sauraron wa'azi. Mai loda kart ɗin ya yi kuskure, ya cika shi da littattafan soyayya waɗanda wata mata ke karantawa da murya. Da na gane, na ce zan mayar a sake. Kaka ta danne rediyon da cinyarta.

"Bar mini abina, angon banza. Wa'azi na sha shi tun ba a haifi ubanka ba."

Ango take ce mini tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika.

Labaran kusan duk iri ɗaya ne. Saurayi da budurwa sun rabu, shekaru sun wuce, sai ga shi ya dawo ɗan garinsu da mota, motar kuma ta lalace daidai ƙofar gidan da take. Kaka ba ta yarda da ko ɗaya ba, amma ba ta kashe rediyon.

"Ji ƙarya," in ji ta. "Duk faɗin gari tayar ba ta fashe ba sai a ƙofarta? Ƙaro murya."

Daminar da tari ya kwantar da ita, likita a Mayahi ya ce mu koma da ita gida mu kula da ita. Na gane nufinsa, ita ma ta gane. Wata rana ina yi mata fifita, ta ce akwai wani mutumin Urafan da ya neme ta tana budurwa. Ya tafi ci-rani ya daɗe, ita kuma ba ta jira ba. Ba ta neman komai gare shi. So take ta san ko yana da rai, ta ji muryarsa sau ɗaya tun kunnenta na ji.

Na ce, "Mene ne sunansa?"

"Mai sunan Malam."

Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, yana raye ko ya mutu. Duk wanda ya ci sunan, sai su ce da shi mai sunan Malam. Kakana ya daɗe da rasuwa, Malam ake ce masa, sunansa kuwa na san shi. Ranar kasuwar Urafan na hau moto na tafi.

Sunan kakana irin wanda in ka kira a kasuwa rabin rumfa ke waiwayowa ne. Na bi rumfunan masu wake da masu dabbobi ina tambayar tsoho mai wannan suna wanda ya taɓa neman aure a Kanan-Bakashe. Tsorona kada in rasa. Sai na samu uku. Ɗaya mai sayar da igiya, ɗaya mai nauyin kunne, na ukun kuma ya ce shi bai tuna ba, amma ya yi kama da aikinsa, don a zamaninsa babu garin da bai yi zance ba. Babu wanda ya yarda ya janye.

Washegari da hantsi suka iso, mai igiya a amalanke, sauran biyun a kabu-kabu ɗaya, suna ƙamshin turare. Na shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakinta, labule na tsakaninsu da ita. Mai igiya ya gyara murya.

"Baiwar Allah, wallahi ba ki canza ba."

"Ta cikin labule ka gani?" in ji Kaka.

Daga baya na ji cewa jikokinsa ma suna kunna irin littattafan nan a gida.

Na ukun ya ce ya tuna ta sarai, ƴar doguwa, fara. Kakata gajeriya ce, baƙa. Mai nauyin kunne ya ce gero kam ya yi kyau bana, alhamdu lillahi. Ta bar kowa ya yi magana har ya ƙare, sannan ta kira ni ciki, ta kama hannun rigata.

"Ango, mai sunan wane Malam ka kwaso mini?"

"Malam mana. Kakana."

"Ba wannan Malam ba. Na fari."

A ranar na fara jin cewa ta taɓa yin aure a Kona, auren damina ɗaya, suka rabu lafiya. Babu wanda ya taɓa gaya mini, waɗanda suka sani a garinmu kuma duk sun riga ta gidan gaskiya.

"Kaka, mutumin da kuka rabu tun ba a yi makarantar lakwal a garin nan ba? Faɗi sunan, ni da ke ne kawai."

"An ɗaura ko ba a ɗaura ba?"

"To, zan jero sunaye, in na faɗa daidai ki ɗaga kai."

"Ɗaga kai ma faɗi ne."

"Ki yi tari, to."

Na fara jerowa. Ta yi tari a kan kowane suna, don tarin ba ya barinta. Ta yi dariya har hawaye ya zubo mata, ni kuma na juya kamar ina neman mafici.

Na ce zan sallami tsofaffin. Ta ce in bar su, kada in faɗa musu komai, mutane sun sa turare sun zo. Aka dama musu fura. Suka yi hira da ita har la'asar, kan kokawar da, da rijiyar da ta rufta, da wani makaɗi da duk suka sani. Tun da ta kwanta ban ji ta yi magana mai tsawo haka ba. Da za su tafi, mai igiya ya ja ni gefe ya ce shi ne, ya ji a muryarta.

Na je Kona neman sunan. Aka ce tsohuwa ɗaya ce za ta sani, ƙawar Kaka ta ƙuruciya, ita kuma ta tafi wurin ɗanta can arewa, sai lokacin girbi ya yi za ta dawo.

Kakata ta rasu ba a fara roron wake ba. Tsofaffin nan uku suka zo zaman makoki, suka yi ta gardama ƙasa-ƙasa kan wanda ya fi cancanta a yi wa gaisuwa. Mutane suka gaji suka riƙa yi wa dukansu. Na bar su a haka, kamar yadda ta ce.

Tsohuwar Kona ta zo gaisuwa bayan an share makoki. Na tambaye ta. Ta faɗi sunan kai tsaye, tana tauna goro, don ita ba mijinta ba ne. Ta san mutumin Urafan ɗin ma. Yana nan da ransa, in ji ta, ƙafa ce kawai ta hana shi fita kasuwa.

Na yi mata godiya, na raka ta bakin hanya. Har yau ban je Urafan ba. Ban san abin da zan ce masa ba in ya tambaye ni wa ya aiko ni.